Ƙofar Amo: Tarihin Huda a Jikin Dabulbes da Gogen Hausa

Gabatarwa

Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza. Kusan duk wani kayan kiɗa mai tsirkiya da ke da ciki, tun daga kuntigi har zuwa mafi girman gogunan Turawa, za a tarar an huda shi a wani wuri. Mai kallo yakan ɗauki hudar a matsayin ado, wani ma ba ya lura da ita, domin ido ya fi karkata ga hannun makaɗi. Alhali kuwa wannan huda, wadda zan riƙa kira ƙofar amo, ita ce hancin da kayan kiɗan ke numfashi da shi. Siffarta kuma shaida ce ta tarihi, domin abubuwa uku ne suke yanke ta: halin iska, halin abin da aka huda, da kuma hannun wanda ya riƙe wuƙar.

A wannan muƙala zan bi sawun ƙofar amo a jikin dabulbes, wato babban gogen nan na Turawa da ake kaɗawa a tsaye, wanda ƙofofinsa suka fi na sauran danginsa yawan baƙin siffofi. Daga nan zan dawo gida Zariya, in ajiye shi kusa da goge da kukuma da garaya, domin mu ga dalilin da ya sa tamu ƙofar ta tsaya a zagaye, da kuma abin da muke dab da rasawa idan ba mu karanta ta ba.

Aikin ƙofar

Duk wadda ta taɓa tara tulu a bakin famfo ta san cikarsa da kunne tun kafin ta leƙa. Yayin da ruwa ke hawa, iskar da ke cikin tulun tana raguwa, sai amon ya riƙa sirancewa har ya kai baki. Masanin kimiyyar nan na Jamus, Hermann von Helmholtz, ya yi bayanin wannan a littafinsa na 1863 kan sauti. Iskar da ke kulle a cikin kowane mazubi mai baki tana da muryarta ta kanta. Babban ciki da ƙaramin baki suna ba da murya mai kauri, ƙaramin ciki da babban baki kuma suna ba da siririya.

Haka abin yake ga kayan kiɗa. Tsirkiya ita kaɗai ba ta da ƙarfin tura iska. Sai ta girgiza jaki, wato ɗan katakon da take hawa a kai, jaki ya girgiza fuskar kayan kiɗan, fuskar ta matsa iskar ciki, iskar ta riƙa shiga da fita ta ƙofa. Wannan numfashi shi ne yake ƙarfafa ƙananan muryoyi masu kauri. Dabulbes kuwa don kauri aka yi shi. Tsawonsa ya kai wajen santimita 180, tsirkiyoyinsa galibi huɗu ne, kuma mafi kaurinsu tana girgiza sau 41 kacal a daƙiƙa guda. Saboda haka babu wani a danginsa da ya kai shi dogaro da ƙofar amo.

Daga da'ira zuwa harafi

Masana da dama suna danganta asalin gogunan Turai da rababar Larabawa, wadda ta shiga ta Andalus da sauran gaɓar Bahar Rum. Haka ma garayar Turawa ta dā, sunanta ma daga kalmar al'ud ta Larabci aka ɗauko shi. Shi ud ƙofarsa zagayayya ce, an rufe ta da sassaƙa mai kama da raga wadda Larabawa ke kira shamsiyya, daga sunan rana. Gogunan Turai na ƙarni na 10 su ma da zagayayyar ƙofa suka fara.

A cikin ƙarnonin da suka biyo baya sai da'irar ta rabu biyu, kowane rabi ya koma gefe guda na jaki. Rabin da'irar ya sirance ya zama kamar jinjirin wata, ko harafin C. Daga baya aka murɗa ƙarshensa ɗaya, ya fuskanci wani ɓangaren, sai ya zama kamar harafin f na rubutun hannu. A ƙarni na 16 wannan siffa ta zauna daram a arewacin Italiya, a hannun Andrea Amati na garin Kiremona da Gasparo da Salò na garin Biresha.

A 2015 wata tawaga ta masana daga jami'ar MIT ta Amurka, ƙarƙashin Nicholas Makris, ta wallafa bincike kan wannan doguwar tafiya. Abin da suka gano shi ne iska ta fi gudu a gefen ƙofa, tsakiyar kuwa aikinta kaɗan ne. Wato tsawon bakin ƙofar ne yake ƙara ƙarfin amo, ba faɗinta ba. Doguwar ƙofa siririya mai lanƙwasa ta fi zagayayya yawan baki, har suka lissafa cewa siffar f ta ninka ƙarfin tsohuwar da'ira kusan sau biyu. Sun kuma auna goguna 470 da aka ƙera a Kiremona tsakanin 1560 da 1750, zamanin gidajen Amati da Stradivari da Guarneri, suka tarar ƙofar ta ƙara tsawo da kusan kashi 30 cikin 100. A ganinsu babu wanda ya zauna ya tsara wannan ƙarin. Almajiri ne yake kwaikwayon ƙofar maigidansa, wuƙa ta ɗan zarce, gogen ya fito da murya mai ƙarfi, masu saye su fi son sa, sai na baya ya kwaikwayi zarcewar. Sannu ba ta hana zuwa.

Akwai kuma dalilin katako. Jijiyoyin katakon fuska a tsaye suke daga sama zuwa ƙasa. Ƙofofi biyu dogaye a dama da hagu suna sakin tsakiyar fuskar, inda jaki yake tsaye, ta samu damar yin lilo, ba tare da an yanke jijiyoyin da ke ɗauke da nauyin tsirkiya ba. Ta cikin ƙofar ne kuma ake zura ɗan ginshiƙin da ke haɗa fuska da baya, wanda Italiyawa da Faransawa suke kira ran goge.

Me ya sa dabulbes ya yi tawaye?

Ƙaramin gogen Turawa ya samu ƙa'ida tun da wuri, har ya zama da wuya a bambanta na Faransa da na Jamus daga nesa. Dabulbes bai taɓa samun irin wannan ƙa'idar ba, domin gadon gida biyu ya ci. Ta wani ɓangaren ɗan gidan biyolin ne. Ta ɗayan ɓangaren kuma jikan wani tsohon dangi ne da ake kira biyol, masu zubabbun kafaɗu da shimfiɗaɗɗen baya, waɗanda ake riƙewa tsakanin ƙafafu. Har yau yawancin dabulbes suna da kafaɗun biyol, kuma tazarar da ke tsakanin muryoyin tsirkiyoyinsu irin ta biyol ce. Ƙofofinsa masu ban mamaki daga wannan gauraye suka fito, kuma ana iya kasa su kashi huɗu.

Kashi na farko su ne masu siffar C. Wannan ita ce ƙofar gidan biyol, kuma duk dabulbes ɗin da aka gani da ita yana nuna ɓangaren kakanninsa ne. Wasu tsofaffin biyol ma sukan ƙara ƙaramar ƙofa mai sassaƙa a sama, wadda take tuna shamsiyyar ud.

Kashi na biyu su ne masu siffar harshen wuta, ƙofa mai karkace-karkace kamar takobi yana ci da wuta. An fi saninta a jikin wani goge mai suna viola d'amore, wanda ya yi tashe a ƙasashen masu jin Jamusanci a ƙarni na 17 da na 18, daga nan ta tsallaka zuwa jikin wasu manyan gogunan. Wasu masana suna ganin siffar ta gabas ce, suna ma cewa sunan gogen yana nufin gogen Murawa, wato Musulmin arewacin Afirka. Wasu kuma sun tsaya a kan cewa gogen soyayya ake nufi.

Kashi na uku su ne harafin f da kowane gari ya rubuta da nasa hannun. Na Biresha dogaye ne, masu tsini. An san Giovanni Paolo Maggini, almajirin Gasparo, da yin idon ƙasa na harafin ƙarami fiye da na sama, saɓanin yadda aka saba. Mafi shahara a dabulbes ɗin Biresha shi ne na Gasparo wanda makaɗi Domenico Dragonetti ya tafi da shi Landan a 1794, aka kuma mayar da shi cocin San Marko na Benis bayan rasuwarsa a 1846 bisa wasiyyarsa. A Amurka kuwa, a jihar New Hampshire, Abraham Prescott ya fara ƙera manyan goguna a 1809 domin coci-cocin karkara waɗanda ba su da molon iska na jagorantar mawaƙa. Shi da maƙeran yankinsa sukan bar ɗan siririn katako yana riƙe da ƙarshen harafin maimakon su yanke shi gaba ɗaya, domin kada bakin ƙofar ya lotsa ko ya tsage. Dabara ce ta kafintan da ya san katako, wanda kuma babu wani maigidan Italiya a kansa da zai ce ba haka ake yi ba.

Kashi na huɗu su ne na masu gwaji. A 1817 wani injiniyan jiragen ruwa na Faransa, François Chanot, ya ƙera goge mai jikin jita da ƙofofi sirara marasa ido. A 1819 masanin kimiyya Félix Savart ya fito da nasa mai kusurwa huɗu da tsagu biyu miƙaƙƙu. Malaman Faris sun yaba, makaɗa kuwa suka ƙi saye. Binciken 2015 ya nuna cewa kunnen makaɗan ne ya yi gaskiya, domin waɗannan ƙofofi sun gaza siffar f ƙarfi.

Baƙo a Sabon Gari

Hanyar da irin wannan kiɗa ya biyo zuwa ƙasar Zazzau ita ce hanyar jirgin ƙasa. Layin dogo na Baro zuwa Kano ya iso Zariya a 1911, aka yanka Sabon Gari kusa da tasha domin ma'aikatan reluwe da akawuna da 'yan kasuwa daga kudu da ma Gwalkwas da Saliyo. A 1914 aka buɗe ƙaramin layin da ya haɗa Zariya da ma'adinan kuza na Jos, a 1929 kuma na Gusau da Ƙauran Namoda ya kammala. Zariya ta zama mararraba, Sabon Gari kuma ya zama kunnen da Arewa ke jin kiɗan bakin teku da shi, ta faifan garmaho da coci-coci da gidajen rawa.

A shekarun 1950 kiɗan hailaif ya mamaye biranen Nijeriya, musamman bayan rangadin da E. T. Mensah na Ghana ya riƙa yi da ƙungiyarsa. Manyan ƙungiyoyin rawa na wancan zamani, irin na Bobby Benson da Victor Olaiya, sun ɗauki tsarin ƙungiyoyin jaz ne, kuma a wannan tsari dabulbes ne ginshiƙin kauri, ana fizgar tsirkiyarsa da yatsa maimakon gogawa. Zazzau ma ta ba da nata ɗan a wannan fage, wato Bala Miller, wanda daga baya ya kafa ƙungiyarsa a Kaduna yana waƙa da Hausa.

Zaman baƙon bai yi tsawo ba. Tun a 1951 kamfanin Fender na Amurka ya fito da jitar kauri ta lantarki, wadda jikinta katako ne curarre, ba ciki ba ƙofa, domin na'urar ƙara sauti ta karɓi aikin iska. Ga ta da sauƙin ɗauka a mota ko a jirgi, ga shi ba ta tsoron hunturu, wanda yake busar da katako har ya tsage. Sannan rikicin 1966 da yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 suka watsa mutanen Sabon Gari da dama, hailaif ya ja baya. Dabulbes ya wuce, amma siffar ƙofarsa ta zauna a idon mutane a matsayin alamar kayan kiɗa na ci-gaba.

Zagayayyar ƙofar gida

Nan ne wanda ya ji labarin binciken MIT zai iya yanke hukunci cikin gaggawa, ya ce ashe gogen Hausa ya tsaya ne inda Turawa suke a ƙarni na 10. Ina ganin wannan hukunci bai tsaya da ƙafarsa ba, kuma ga hujjojina.

Hujja ta farko ita ce fata. Jikin goge rabin ƙwarya ne, an rufe bakinsa da fatar guza an ɗaure tam, tsirkiyarsa tsagiya ce ta wutsiyar doki, ƙofarsa kuma ana yanka ta ne a jikin fatar, a gefen jaki. Kukuma ƙanwarsa ce, tsarin ɗaya ne. Fata a ɗame take ta kowace fuska, ba kamar katako ba da yake riƙe kansa. Na tambayi wani dattijo mai haɗa kukuma a Sabon Gari ko ya taɓa gwada doguwar ƙofa, na zana masa harafin f a ƙasa. Ya dube shi, ya ce, "Ɗan nan, fata ba ta son tsini. Duk inda ka bar mata kusurwa, nan za ta fara yagewa ranar da ka shanya ta a rana." Abin da injiniyoyi suka sani ke nan: a jikin abin da yake a ɗame, ƙarfin ja yana taruwa a ƙarshen tsaga, da'ira kuwa raba shi take yi daidai wa daida. Ƙofar da ta ninka ƙarfin biyolin kashe goge za ta yi.

Hujja ta biyu ita ce buƙata. Fata ta fi katako sauƙin nauyi nesa ba kusa ba, saboda haka tana amsa girgizar tsirkiya da ƙara mai yawa. Muryar goge da ta kukuma kuma siririya ce mai ratsa taro, ta hau kan kiɗan ƙwarya da kalangu. Wanda ya saurari faifan Garba Supa ko Ibrahim Na Habu ko Hassan Wayam, wanda ya yi zamansa a nan Zariya, ya san kukuma ba ta neman taimako wajen kai wa kunne. Matsalar da maƙeran Kiremona suka shafe shekaru 200 suna warwarewa, wato fitar da kauri daga akwatin katako, ba ita ce matsalar maƙerin Zazzau ba. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Hujja ta uku tana jikin garaya da molo. A waɗannan, sandar wuya tana bi ta ƙarƙashin fata, ƙarshenta ya leƙo ta wata huda kusa da gindi, a nan ake ɗaure tsirkiyoyi. Wato ƙofar aiki biyu take yi, numfashi da kuma maɗauri, kuma wurinta da siffarta ginin kayan kiɗan ne ya tsara su. Irin wannan gini ya bazu daga ƙasar Hausa har Mali da Senegal. Ko kuntigin da Ɗanmaraya Jos ya zaga duniya da shi kafin rasuwarsa a 2015, ƙaramin gwangwani ne da aka rufe da fata aka bar masa ƙofa.

Hujja ta huɗu ita ce gwaninta. Mutanen da suka ɗinka aska takwas a ƙirjin babbar riga, suka zana ƙwarya, suka kuma fitar da Babban Gwani Muhammadu Durugu wanda ya gina Masallacin Juma'a na birnin Zariya a ƙarni na 19, ba za a ce lanƙwasa layi ya gagare su ba. Inda ƙasa da zare suka yarda da ado, sun yi ado. Inda fata ta ƙi, sun bi fata.

Abin da ya rage wa Samaru

Bambancin da ya kamata ya dame mu yana wani wurin. Masanan MIT sun iya auna goguna 470 ne saboda gogunan suna nan, da sunayen maƙeransu da shekarun ƙira a manne a ciki, ana karanta su ta cikin ƙofar amo. Ƙwarya kuwa fashewa take yi, gara da ƙwari suna cin fata, maƙerin goge kuma ba ya sa hannu. Ga kuma kallon da aka daɗe ana yi wa sana'ar. Tun zamanin jihadin 1804 malamai suke sukar goge da garaya saboda alaƙarsu da bori, kuma har yau iyaye kaɗan ne za su so ɗansu ya gaji wannan aiki. Tun daga shekarun 1990 kuma fiyano da kwamfuta suka karɓe waƙoƙin finafinai da na biki. Yanzu ana latsa maɓalli a ji muryar goge ba tare da goge ba, kamar yadda jitar lantarki ta yi wa dabulbes.

An yi ƙoƙari a baya. David Ames ya yi bincikensa kan makaɗa a Zariya a shekarun 1960, shi da Anthony King suka fitar da ƙamusun kiɗan Hausa a 1971. Jacqueline DjeDje ta wallafa littafi a 2008 kan gogen Fulani da Hausawa da Dagwamba. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya tattara tarihin makaɗa da mawaƙa masu yawa. Waɗannan ayyuka sun adana sunaye da waƙoƙi da al'adu. Abin da nake kira a ƙara a kai shi ne awo: faɗin ƙwarya, kaurin fata, girman ƙofa da nisanta daga jaki, sunan maƙeri da garinsu da wanda ya koya masa.

Samaru ta dace da wannan aiki fiye da ko'ina. Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe a 1962, ta tara masana Hausa da masana kimiyyar sauti da injiniyoyi da masu zane a harabar guda. A Zariya ne ɗaliban zane irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyarsu a 1958, suka ce dole fasahar zamani ta sha daga rijiyar gida. Tsakanin ɗakin gwaji na Samaru da rumfar maƙeri a Sabon Gari tafiyar ƴan mintuna ce a mota. Kayan aikin ma ba su wuce ma'auni da na'urar ɗaukar sauti ba. Makwabtanmu Buzaye sun nuna abin yana yiwuwa, domin gogensu na mata mai suna imzad ya shiga jerin kayan gadon duniya na UNESCO a 2013, bisa buƙatar Aljeriya da Mali da Nijar.

Kammalawa

Tarihin ƙofar amo ya nuna cewa kowace siffa amsa ce ga wata tambaya. Harafin f amsar katako ce ga neman kauri. Siffar C da harshen wuta alamun dangantaka ne da dabulbes ya ƙi yarwa. Katakon da Prescott ya bari a ƙarshen harafi amsar kafinta ce ga tsoron tsagewa. Zagayayyar ƙofar goge kuwa amsar fata ce ga rana da ɗauri. Turawa sun san tarihin tasu ƙofar shekara bayan shekara domin sun adana kayan sun kuma auna su. Mu har yanzu muna da maƙeran da ransu, kuma awon yana cikin yatsunsu. Dattijon da ya ce mini fata ba ta son tsini ba shi da almajiri ko ɗaya a rumfarsa. Idan ɗaliban Samaru ba su je da ma'auni ba tun yana iya riƙe wuƙa, wanda zai zo neman tarihin gogen Zazzau nan gaba ba zai tarar da abin da zai auna ba.